GWAURAYE MASU 'YA'YA DA ALHAKIN GWAMNATI

A shekarar 2024 Gwamnatin Jihar Kebbi ta ɗauki nauyin auren mutum 300 da amarensu, bisa tafarkin da Kano ta soma a 2012 ta hannun Hukumar Hisba, wadda ta sake aurar da mata 1,800 a watan Oktoba na 2023. Aiki ne na alheri, babu mai musu. Sai dai akwai wani rukuni na jama'a da ba a cika tunawa da shi ba, wato magidantan da ke riƙe da 'ya'ya alhali babu mace a gida. Bahaushe ya kira su gwauraye, ya kuma mai da su abin zolaya, har ma a Kano akwai Nalako mai kamun gwauro a tashen watan azumi. Wasa ne mai daɗin kallo, amma yaron da ya kwana da yunwa a gidan gwauro ba ya cikin masu dariya.

Yawancin waɗannan mutane ba da son ransu suka zama haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Bayan kowace jana'iza irin wannan akwai miji, galibi kuma akwai yara. A gari kamar Kambaza, da ƙauyukan Gwandu da Kalgo, inda magidanci ke sammako zuwa gona ko fadama ba ya dawowa sai la'asar, a da kaka ce ko gwaggo ke ɗaukar marayu. Tsadar abinci ta raunana wannan zumunci ƙwarai, kowa yana fama da nasa bakunan. Abin da kan biyo baya sananne ne: a tura namiji almajirci tun bai isa ba, a cire mace daga makaranta ta zama uwar ƙannenta.

Saboda haka, a ganin wannan jarida, idan irin waɗannan iyaye suka haɗa kai domin taimakon juna, ya kamata Sashen Jin Daɗin Jama'a na Ƙaramar Hukuma ya yi musu rajista kamar yadda ake yi wa ƙungiyoyin gama kai na manoma. Ba baƙon abu ba ne a duniya. A Ingila an kafa ƙungiyar kula da matan da suka haihu ba aure tun 1918, daga bisani ta haɗe da Gingerbread a 2007, tana hidimar iyaye mata da maza masu reno su kaɗai.

Batun kuɗi kuwa, nan ne ake bukatar taka-tsantsan. Jama'a sun sha ganin ƙungiyoyin da ke tsirowa dare ɗaya da zarar an ji ƙanshin tallafi, shugaba da ma'aji su raba, sauran su tashi da katin shaida. Kada a miƙa wa kowace ƙungiya tsabar kuɗi. A bi yaran da taimakon: littattafai da tufafin makaranta, takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, da shigar da su shirin inshorar lafiya na jiha. Ga uba kuma taki da iri a kan bashi, bisa shaidar mai unguwa da limami.

Haka nan lalle ne kada rajista ta zama makamin ƙwace yara. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na jihar ke bi, reno haƙƙin uwa ne bayan saki, sannan kakar wajen uwa, ciyarwa kuma tana wuyan uba. Wanda ya kori matarsa ya riƙe 'ya'ya da ƙarfi, ko yake gudun biyan kuɗin ciyarwa da alƙali ya yanka masa, ba shi da gurbi a wannan shiri.

Saura magana mai nauyi, wadda ba a son faɗa a bainar jama'a: namijin da ya yi cikin shege. Shari'a ba ta jingina masa ɗan ba, kuma ba wanda ke neman gwamnati ta yi masa kirari. Amma sashe na 42(2) na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Yarinyar da danginta su ne ke ɗaukar kunya da ɗawainiya, shi kuwa yana yawonsa a kasuwa. Ya kamata Ma'aikatar Harkokin Mata da Hukumar Hisba, tare da shawarar malamai da Majalisar Masarautar Gwandu, su buɗe hanyar da irin wannan mutum zai riƙa ba da abin ciyar da jaririn a asirce ta ofishin jin daɗin jama'a, ana rubutawa wata-wata, ana kuma ba uwar rasit.