Idan Sandar Ƙofa Ta Faɗo Kan Motarka, Wa Zai Biya?

A tashoshin mota, kasuwanni da ƙofofin ma'aikatu daga Jega zuwa Aliero da Maiyama, shingen da muka saba gani shi ne dogon ƙarfe mai nauyi a gindi, maigadi na riƙe da igiya. Masu aiki da lantarki, irin na manyan shagunan Abuja da Kano, suna tafe. Ra'ayina shi ne duk wanda ya kafa sandar, shi ya kamata ya biya idan ta fasa gilashin mota, sai in ya kawo hujjar cewa laifin direba ne.

Dalili yana cikin yadda na'urar take aiki. Ta kirki tana da waya da aka binne a ƙasa mai gane ƙarfen mota, da kuma ido mai aika haske zuwa ɗaya gefen. Muddin abu ya tare hasken, sandar ba za ta sauko ba. Mai son araha kan cire waɗannan, ya bar agogo kawai: daƙiƙoƙi suna cika ta sauko, ko da mota na ƙarƙashinta. Wayar ƙasan ma, in ba a saita ta da kyau ba, tana iya kasa gane babur. Direba ba shi da hannu a wannan zaɓi.

Masu wuri sukan fake da allon da ke cewa ajiye mota ganin damarka ne. Gaskiya ne a 2002 Kotun Ƙoli ta wanke otal ɗin Imo Concorde da ke Owerri a ƙarar da Mai Shari'a Anyah ya kai kan motarsa da aka sace. Amma can ɓarawo ne ya yi ɓarnar, nan kuwa kayan mai wurin ne. Kuma dokar kare masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana ƙaƙaba wa abokin ciniki sharuɗɗan da babu adalci a cikinsu.

Kada ka dogara da inshorar naira 15,000 da doka ta wajabta. Ita ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba gyaran motarka ba.

Tabbas akwai direbobi masu manne wa motar gaba don su wuce kafin sandar ta sauko. Wannan shi ya jawo wa kansa. To amma kyamarar tsaro da bayanan na'urar duk suna hannun mai wurin, don haka shi ya fito da su.

Idan abin ya same ka, kada ka matsar da motar. Ɗauki bidiyo da wayarka, adana tikitin shiga, karɓi lambar shaidu, sannan ka nemi bidiyon kyamara a ranar, domin na'urorin sukan goge tsohon bidiyo idan ma'ajiyarsu ta cika.