Ku daina kiran ƙarfe mai rufin PVD da sunan gwal

1/ Masu sayar da sarƙa da 'yan kunne a Instagram da WhatsApp, yau da ku nake. Wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, amma wallahi sai na faɗa. Zaren yana da ɗan tsawo, ku biyo ni a hankali.

2/ Yayata ta kwashi adashin wata goma ta sayi sarƙa da awarwaro biyu. An ce mata "18K ne, ɗan Dubai, ba ya koɗewa." Ba don gayu kaɗai ta saya ba. Kun dai san matanmu, gwal shi ne bankinsu, ranar da ta ɓaci a ɗauko a sayar.

3/ Ranar kuwa ta zo, za a yi wa ɗanta aiki a asibiti. Ni na raka ta wurin masu sayen gwal. Mutumin ya ɗora a sikeli, ya ɗan goga magagari a jikin maɗaurin, sai ga farin ƙarfe. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ba namu ba ne." Har muka iso gida ba ta ce uffan ba.

4/ Abin da ya fi ƙona min rai, ni ɗalibin injiniya ne, kuma a zangon da ya wuce aka koya mana yadda ake yin wannan abin. PVD ake ce masa. Bari in yi muku bayani da Hausa.

5/ Ana jera kayan cikin wata babbar tukunyar ƙarfe, a rufe ruf, a zuƙe iskar ciki kusan duka. Sai a sakar wa curin ƙarfen taitaniyam wutar lantarki har ya riƙa tashi kamar tururi. Tunda babu iskar da za ta tare shi, sai ya tafi kai tsaye ya manne a jikin kayan.

6/ Idan aka saki iskar naitirojin kaɗan a cikin tukunyar, sai ta haɗu da taitaniyam ɗin, a samu wani rufi mai tauri da ake rubutawa TiN. Launinsa sak na gwal. Amma fa ko ƙwayar zinare babu a cikinsa.

7/ Kaurin rufin a kayan ado sau da yawa bai kai maikiron 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin kanki guda ya kai kimanin maikiron 70. Duk abin da ke ƙarƙashinsa ƙarfe ne marar tsatsa, ɗan'uwan cokalin da ke kicin ɗinki.

8/ Kar wani ya ce ina zagin fasahar. Ina! Bakin injin huda ƙarfe mai ruwan gwal da kuke gani wurin masu walda, TiN ne ke sa ya jure aiki. Kwanon fitilar mota da ƙyallin cikin ledar biskit, alminiyam ne aka shimfiɗa ta wannan hanyar. Fasaha ce mai kyau, ku ne kuka mai da ita tarko.

9/ Na san za ku ce ai wasu kamfanonin suna ɗora gwal na gaske a saman rufin. E, haka ne, akwai. To amma nawa ne? Sirantarsa ta kai ko sikelin mai gwal ba ya ganinsa. Cewa "18K" a irin wannan kaya launin fatar ake nufi. Ku kun san haka, mai saye ce ba ta sani ba.

10/ Za ku ce, "Ai duk mai hankali ya san ba a samun gwal a wannan farashin." To me ya hana ku rubuta? In kowa ya sani, me za ku rasa in kun ce ƙarfe ne mai rufi? Kuma ku da kanku kuke ɗaga farashin ya fi na kayan kwalliya nesa, don mai saye ta ɗauka ta yi tsintuwa.

11/ Za ku ce talaka ma yana son ado. Wallahi na yarda. Sarƙar PVD ta fi irin wankin ruwan gwal na da daɗewa, gumi da turare ba sa cin ta da wuri. Ku sayar da ita da sunanta, da farashinta, ni ma zan saya wa ƙanwata. Ado daban, ajiya daban.

12/ Iyayena mata da yayyena, ga abin dubawa. Gwal da giram ake sayar da shi. Wadda ba ta iya faɗa miki giram nawa ne da farashin giram na ranar ba, riƙe kuɗinki. Hatimin 750 shi ne 18K, 875 shi ne 21K, 916 kuma 22K. In kin ga 316L, ƙarfe ne.

13/ Hatimi ma ana buga na ƙarya, don haka kar ki tsaya nan. Mayen ƙarfe kuma ba ya kama 316L sosai, kar ya ruɗe ki. Nauyi ya fi faɗar gaskiya, gwal ɗin 18K ya kusa ninka ƙarfe mai girmansa. Mafi sauƙi, ki ce a je wurin mai gwal a gwada kafin ki biya. Mai gaskiya ba za ta ƙi ba.

14/ Yaron dai an yi masa aikin, 'yan'uwa ne suka yi karo-karo, kuma ya samu sauƙi, alhamdulillahi. Sarƙar tana nan a durowa tana ta ƙyalli, ko ɗis ba ta koɗe ba. Wannan kaɗai ce gaskiyar da aka faɗa wa yayata.

15/ Masu shirin zagi, bismillah, filin ƙasa naku ne. Amma kafin ki fara, je ki gyara tallanki, ki rubuta "ƙarfe mai rufin PVD". Ni na tafi karatu, jibi muna da jarrabawa.