Jiran Manhaja Ta Zauna, Jiran Gawon Shanu Ne

A ƙarshen 2019 wani abokin aikina, jami'in ayyukan gona da ke zaune a Karfi yana zirga-zirga tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ya sayi bugu na shida na littafin PMBOK da niyyar rubuta jarrabawar PMP, wato shaidar ƙwarewa a gudanar da ayyuka da cibiyar PMI ta Amurka ke bayarwa tun 1984. Ya cika sharuɗɗa tun da jimawa. Da ya ji ana shirin sauya manhaja, sai ya ce bari ya dakata ƙura ta lafa. Har yau bai rubuta ba, littafin kuwa yana kan kanta ya sha ƙurar hunturu shekara da shekaru.

Ina da ja da wannan dabara ta dakatawa, wadda ƙwararrunmu da yawa suka ɗauka hikima ce. Manhajar PMP ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba, kuma ba a gina ta don ta zauna ba. PMI kan sake nazarin aikin manajan ayyuka bayan 'yan shekaru, ta gyara jarrabawar bisa abin da ta gano. Sauyin da abokina ya tsaya jira an fara sa masa ranar Disambar 2019, aka ɗage zuwa Yulin 2020, annobar korona ta sa aka sake ɗagewa zuwa 2 ga Janairun 2021. Tambayoyi suka ragu daga 200 zuwa 180 cikin minti 230, fannoni biyar suka koma uku: sha'anin mutane kashi 42 cikin ɗari, tsarin aiki kashi 50, muhallin kasuwanci kashi 8. Cikin shekarar kuma bugu na bakwai na PMBOK ya fito, masu jira suka sami sabon dalilin jira. Sai ga bugu na takwas, da sabon tsarin jarrabawa na Yulin 2026, inda kason muhallin kasuwanci ya tashi zuwa kashi 26. Duk wanda ya ce sai iska ta tsaya zai yi shiƙa, hatsinsa a masussuka zai kwana.

Akwai kuskure biyu a ƙarƙashin wannan jira. Na farko, ɗauka cewa jarrabawar daga littafin PMBOK take fitowa kai tsaye. PMI tana da wata takarda daban, jadawalin abin da jarrabawa ta ƙunsa, kuma ita ce ma'auni. Fitowar sabon bugu na littafi ba ya nufin tambayoyi sun sauya a ranar. Na biyu, zaton cewa shaidar da aka samu a tsohon tsari tana da rauni. PMP ɗaya ce. Wanda ya ci a Disambar 2020 da wanda ya ci a Janairun 2021 haruffa uku iri ɗaya suke sawa bayan sunansu, kuma dukansu sai sun tara sa'o'i 60 na ƙarin ilimi duk shekara uku kafin a sabunta musu. Ta wannan hanya ce tsohon mai shaida ke riskar sabon ilimi.

Jiran kuma ba kyauta ba ne. Kuɗin jarrabawar da dala ake biyan sa. A farkon 2023 dala a farashin hukuma tana wajen naira 460. Bayan an saki naira a Yunin shekarar, ta haura 1,500 a 2024. Wanda ya jinkirta daga 2022 zuwa 2024 don gudun sauyin manhaja ya ninka wa kansa kuɗin kusan sau uku. Ga kuma guraben aiki da ke wucewa. Ayyukan da masu ba da tallafi ke ɗaukar nauyi a Arewa, irin su ACReSAL na Bankin Duniya da ya haɗa da Jihar Katsina, suna da wa'adi. Idan aka ɗauki ma'aikata, an ɗauka ke nan.

Sai dai kada a ɗauka ina goyon bayan masu shelar "yi maza kafin a sauya". Wasu masu kwasa-kwasan share fage da tsoro suke ciniki: kafin sauyi su sayar maka da gaggawa, bayan sauyi su sayar maka da sabon kwas. Wanda ya faɗa jarrabawa ba shiri don kawai rana ta matso, dalarsa ya zubar. Masu cewa sabuwar manhaja ta fi kusa da aikin zamani su ma suna da gaskiya. Amma wannan hujja ce ta karanta sabuwar yau, ba ta naɗe hannu ba.

To yaya za a yanke shawara? Da kalandarka, ba ta PMI ba. Ka fara da sharuɗɗa: mai digiri yana buƙatar watanni 36 na jagorancin ayyuka da sa'o'i 35 na horo. Sannan ka ƙirga makonnin da za ka iya karatu na gaskiya. A ganina mai aiki cikakke yana buƙatar wajen wata uku. Idan watannin nan sun ƙare da tazarar aƙalla wata biyu kafin ranar sauyi, rubuta tsohuwar. Tazarar tana da dalili: bayan an amince da takardunka kana da shekara ɗaya da damar gwaji sau uku, kuma idan ka faɗi a makon ƙarshe, maimaicinka a sabuwar manhaja zai faɗo. Idan lissafin bai kai ba, ka ajiye tsohon littafi, ka ɗauki sabon jadawali, ka sa rana.

Mutumin Karfi yana da wani lissafin da na Legas ba shi da shi. Daga saukar damina wajen Mayu da Yuni har kakar masara, dawa da auduga, jami'in gona ko injiniyan karkara ba shi da daren kansa. Sararinsa na tsakanin Janairu da Afrilu ne. Ana iya rubuta jarrabawar a gida ta intanet, amma inda wuta da sabis ba su da tabbas, kusan sa'o'i huɗu a gaban kyamara caca ce. Gara a kama gurbi a cibiyar Pearson VUE a babban birni irin Abuja, kuma da wuri, domin gurabe kan yi wuya dab da ranar sauyi.

Manoman yankin nan sun san binne: a zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko, bisa sanin lokaci, ba bisa tabbacin ranar da hadari zai haɗo ba. Wani lokaci a yi asarar iri, a sake shuka. Amma ba a taɓa jin wanda ya cika rumbu da jiran tabbas ba. Abokina ya ce bana zai rubuta. Na tambaye shi wace rana, ya yi shiru.