Baƙon ɗan wasa ba ya rage wa Sakkwato komai

Da yamma nakan tsaya a bakin wani fili a Mabera in kalli yara suna buga ƙwallo, daga nan in wuce majalisarmu. A can ne gardama ta kaure a makon jiya. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce in har Sokoto United za ta amsa sunanta, to kada ta sa kowa a fili sai ɗan Sakkwato, domin baƙo raɓa ne. Na ce masa, Baba, ka yi mini haƙuri, a nan ban bi ka ba.

Ga dalilina. Akwai wani wasa a Amurka da ake kira besbol, wani ya jefo ƙaramar ƙwallo, wani ya doke ta da kulki. Ƙungiyar Dodgers ta birnin Los Anjalis ba ta rasa 'yan gida ba, amma a Disambar 2023 ta ɗauki Shohei Ohtani, ɗan Japan, a kan dala miliyan 700 na shekara 10, ta ƙara da Yoshinobu Yamamoto a kan miliyan 325 na shekara 12. Ta ci kofi a 2024, ta sake ci a 2025, kuma Yamamoto ne gwarzon wasannin ƙarshe na 2025.

Ba kuɗin ne suka ja hankalina ba, don ba mu da irinsu. Idon da suka sa ne. Tun 1995 da suka ɗauko Hideo Nomo suke bibiyar Japan, sun san inda gwanayen jifa suke fitowa. Mu fa, ina muke dubawa? Daga Sakkwato zuwa Illela bai kai kilomita 100 ba, kana tsallakawa ga Birnin Ƙonni, gaba ga Tawa. Harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, zafin ranarmu ma sun saba da shi. Yaron da ya taso a can ba ya buƙatar tafinta a filin wasa na Giginya. Masu shirya kokawa sun daɗe da gane wannan, shi ya sa in an ce ɗan kokawar Nijar zai shiga fage, wuri yakan cika.

Sai kuma abin da na tuna wa dattijon. Shehu Abdullahi ɗanmu ne, haifaffen Sakkwato. Kano Pillars ta karɓe shi, Kuwait ta karɓe shi, Turkiyya ma haka, ya dawo da lambar tagulla daga gasar Olamfik ta 2016, ya buga kofin duniya a 2018. Da kowane gari ya ce sai ɗan gida, da a ina zai goge har mu yi alfahari da shi?

Tsoron dattijon gaskiya ne, kada baƙi su cinye gurbin yaranmu. Ni ma ina da shi. Shi ya sa ba na neman a cika fili da baƙi. Biyu ko uku sun isa, a wuraren da muke da rauni, mai tsaron gida ko mai cin ƙwallo, waɗanda wani ya je ya gani da idonsa, ba wanda dillali ya kawo ba. A rubuta yarjejeniya, a biya su a kan lokaci, a ba su masauki mai kyau. Yaran Mabera kuma a buɗe musu ƙofa ranar atisaye, su ga yadda wanda ya fi su yake tare ƙwallo.