Abinci Marar Magani a Kantunan Birni: Ina Rabon Manomin Achilafiya?

Ɗan'uwa manomi, in ka daɗe ba ka shiga babban kanti a Kano ba, ran da ka je birni ka ɗan leƙa, ko ba za ka sayi komai ba. Ka nufi ɓangaren kayan abinci. Za ka tarar da wake da riɗi da zoɓo da garin kuka da zuma da ƙuli-ƙuli an ƙulla su a leda mai kyau, an manna takarda, an rubuta kuɗi. Ka lissafa kuɗin a kan kwano, ka gwada da abin da dillali ya ba ka a kasuwar Kazaure ko Babura. Wannan tazarar da ka gani ita ce maganarmu ta yau.

Abin da ya canza a kasuwar

A watan Janairun 2024 kantin Shoprite ya rufe reshensa na Ado Bayero Mall a Kano, bayan kusan shekara goma da buɗe shi. Amma kantunan 'yan gida, irin su Sahad mai rassa a Kano da Abuja, da Jifatu mai rassa a biranen Arewa, suna nan suna ciniki. Su ba kantunan abinci zalla ba ne, daga atamfa har tukunya akwai, sai dai suna cikin ƙofofin da kayan gona ke bi su isa gidan ma'aikacin birni.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, Naira kuma ta faɗi, kayan gwangwani da na kwali da ake shigowa da su suka yi tsada. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Mai albashi ya koma neman na gida. Ga kuma tsoro: uwar gida a birni ta ji labarin waken da aka zuba wa fiya-fiya, ta ji na 'ya'yan itacen da ake nunarwa da sinadari. Abin da take so a yau biyu ne, abinci mai tsabta, kuma mai sauƙin kuɗi.

Ta ɓangarenmu kuwa, a watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da masara da alkama da shinkafa da wake. Daga baya farashin hatsi ya sauka, amma taki bai sauka tare da shi ba. Duk wanda ya noma a 2025 ya san wannan a aljihunsa. To, wanda ke sayar da buhu a bakin gona shi ne ya fi kowa shan wuya. Shi ya sa ya kamata mu dubi wannan ƙofa ta kantuna da idon basira.

Kalmar da ake yawan ruɗa mu da ita

Za ka ji 'yan birni suna cewa "oganik". Kada ka ɗauka duk abin da ya fito daga ƙauye ya cancanci sunan. A ƙa'idar kasuwannin duniya, sai gona ta yi shekara biyu zuwa uku ba takin zamani, ba maganin ciyawa, ba feshin ƙwari na sinadari, an rubuta komai a littafi, wani ya zo ya duba ya ba da shaida. Shaidar nan kuɗi ce, manomi mai kadada ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. Akwai hanya mai sauƙi da ƙungiyar masu irin wannan noma ta ƙasa, wato NOAN, ke koyarwa, inda manoma da masu saye ke duba gonakin juna su tsaya wa juna shaida. Ita ma sai da ƙungiya da rubutu.

Saboda haka ba zan ce maka ka watsar da takin zamani bana ba. Ƙasarmu ta jigawa yashi ce, ta gaji. A 2021 gwamnatin Siri Lanka ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, shinkafa ta yi ƙasa, kafin shekarar ta ƙare sai da suka janye dokar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka riƙa ƙara takin gargajiya, kashin awaki da na shanu da juji da ya ruɓe sosai, ka bar gawo a gonarka, ka haɗa gero da wake kamar yadda iyaye suka yi. A hankali buƙatar buhun taki za ta ragu.

Amma akwai alkawarin da za ka iya cikawa tun kakar bana: "Ban sa magani a ajiya ba." Wannan shi ne abin da ya fi damun mai saye, kuma shi ne ya jawo mana asara a waje. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya saboda ragowar sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper, kuma an yi ta tsawaita hanin. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kantuna da kasuwanni. Maganin da aka yi don gona, mu muka mai da shi na rumbu.

Mafita kuwa tana nan, buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki, buhu ɗaya a waje, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi. Iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu da kansa. Sharaɗinsa uku: wake ya bushe ƙayau, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, a ɗora buhun kan katako nesa da bango saboda ɓera. In bai huje ba, za ka sake amfani da shi baɗi.

Arahar nan, wa zai biya ta?

Nan ne nake so ka buɗe kunne. Kanti yana son ya ce wa mai saye kayansa masu tsabta ne kuma masu araha. Tsabta aiki ce, aiki kuwa kuɗi ne. In kanti bai rage ribarsa ba, mai saye bai ƙara ba, to daga wuyan wa za a cire? Daga naka.

Na ga wannan da idona. Wata ƙungiya a yankinmu ta kai wake wani kanti a Kano, ba takarda, sai maganar baki. Aka ce a ajiye, in an sayar a zo a karɓa. Sati shida suna zirga-zirga a hanyar Kano, kowace tafiya da kuɗin mota. A ƙarshe aka dawo musu da wani kaso, wai akwai tsakuwa, kuma fari da ja sun gauraya. Da muka zauna muka yi lissafi, gara a ce sun sayar a Dawanau tun ranar farko. Laifin ba na kantin kaɗai ba ne, mu ma ba mu shirya ba.

Ga yadda za ka yi lissafin, misali kawai. A ce buhu kwano 40 ne. Bayan sheƙa da tsinta ka rasa kwano 2. Ka sa kuɗin buhun ajiya, ladan matan da suka tsince, leda da takarda, mota zuwa Kano da dawowa, da kwanakin da kuɗinka zai kwana a hannun wani. In ƙarin da kanti ya yi maka bai rufe waɗannan duka ya bar wani abu a sama ba, ba ciniki ka yi ba, aikin banza ka yi wa wani.

Araha ta gaskiya daga rage hannaye take fitowa. Yanzu waken Roni ko na Gwiwa sai ya bi ta hannun mai awo, da dillali, da ɗan Dawanau, da mai ƙullawa, kafin ya hau kanta. Kowa da ribarsa. In ƙungiya ta ɗauke biyu daga cikin waɗannan ayyuka, mai saye zai samu sauƙi, kai ma ka samu ƙari. Daga Kazaure zuwa Kano ba ta kai tafiyar awa biyu ba, wannan ma wata ni'ima ce da mutanen nesa ba su da ita.

Abin da ƙungiya za ta yi kafin girbi

Na farko, ku zaɓi kaya ɗaya ko biyu waɗanda ba sa saurin lalacewa: wake, riɗi, zoɓo, busasshiyar kuɓewa, garin kuka. Tumatir da tattasan bakin madatsar ruwan Kazaure suna da kasuwa, amma kwana biyu suka yi a kanta sun tafi, kuma asarar kanku za ta dawo. Ku bari sai kun ƙware.

Na biyu, iri ɗaya. Kanti ba ya son na wannan wata ya bambanta da na wancan. Ku yarda a kan irin da kowa zai shuka, ku nemi shawarar malaman gona na JARDA a kan wanda ya dace da ƙasarku.

Na uku, shanya da sussuka a kan tamfol, ba a ƙasa ba, ba a gefen kwalta ba. Yawancin tsakuwa da yashi a masussuka suke shiga. Gyaɗa kuma a kula da ita sosai, in ta sha danshi takan yi fumfuna mai dafi wadda ido ba ya gani sosai.

Na huɗu, littafi. Sunan mai gona, ranar shuka, abin da aka fesa da ranar da aka fesa. Kowace kwalbar magani tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin girbi, a karanta a kiyaye. Wanda ya sa magani a ajiya a ɓoye, a cire kayansa ko da ɗan shugaban ƙungiya ne. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Na biyar, takardu. Ku yi rajistar ƙungiya, ku buɗe asusun banki da sunanta. In za ku ƙulla a leda da sunanku, sai da lambar NAFDAC. In ba ku kai nan ba tukuna, ku sayar wa masu ƙullawa da suke da lambar, amma ku nemi farashin tsabtataccen kaya.

Na shida, yarjejeniya a rubuce: kilo nawa, nawa ne kilo, ranar biya, da wanda zai ɗauki asarar abin da bai shiga ba. Ku fara da buhu biyar, kada ku kwashi rumbu duka. Kuma kada ku saki tsohon dillalinku, domin ranar da kanti ya rufe kamar yadda muka gani a Kano, shi za ku koma wa.

Kada a manta da mata. Tsinta da daka da daddawa da man gyaɗa duk a hannunsu suke. A sa su cikin ƙungiya da sunansu, a biya su ladansu a fili.

Wata magana ta ƙarshe, ɗan'uwa. Ko kanti bai saya ba, waken da ba a sa wa fiya-fiya ba shi 'ya'yanka za su ci. Kuma duk abin da ka rubuta a jikin leda amana ce, in ka ce babu magani, to ya zama babu. Ku kira taron ƙungiya tun yanzu, ku haɗa kuɗin buhunan ajiya kafin wake ya shigo gida, don ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai kyau.