Gida Mai Iyo Ba Zai Ceci Talakan Birni Daga Ambaliya Ba

Gida mai iyo gini ne da ake ɗorawa a kan wani abu da ba ya nutsewa, ko akwatin kankare mai fanko a ciki, ko gangunan roba da aka ɗaure wuri guda. Ana kafa masa turaku masu tsawo a ƙasan ruwa, in ruwa ya ƙaru gidan ya bi su ya yi sama, in ya janye ya sauko. A 'yan shekarun nan masu zanen gine-gine da ƙungiyoyin agaji sun rungumi wannan dabara, har ana ta yayata cewa ita ce mafitar biranen da ambaliya ta addaba, wai tunda ruwa ya ƙi barin mutane, to mutane su koma kansa. Maganar tana da daɗin ji, amma ga talakan birni ba ta da tushe.

Inda dabarar ta fi samun karɓuwa ita ce ƙasar Holan. A Maasbommel, bakin kogin Maas, akwai gidajen da ke zaune a ƙasa sai ruwa ya zo su taso, a arewacin Amsterdam kuma akwai unguwar Schoonschip mai iyalai 46. Abin da masu yabon ba su cika faɗa ba shi ne abin da ke riƙe da waɗannan gidaje. Kowanne yana haɗe da bututu mai lanƙwasuwa na ruwan sha da wayar lantarki, akwai tsarin kwashe ƙazanta, akwai takardar mallaka da banki zai karɓa. Ruwan ma da suke kai horarre ne. Holan ta yi ɗaruruwan shekaru tana gina shingayen ruwa, kuma bayan ambaliyar 1953 da ta kashe mutum fiye da 1,800 ta kashe maƙudan kuɗi wajen toshe bakin teku. Gidan shi ne abu na ƙarshe da ya zo, bayan an gama mai wuyar.

Afirka ta ga nata gwajin a Makoko, unguwar masunta da ke cikin tafkin Legas, wadda duk mai wucewa ta babbar gadar Third Mainland yake hangowa. A 2013 mai zanen gine-gine Kunlé Adeyemi ya kammala wata makaranta mai iyo a can, gini mai hawa uku na katako, mai siffar dala, a kan gangunan roba wajen 250. Hotonta ya zaga duniya. A 2016 wani samfurinta ya ci babbar kyauta a bajekolin gine-gine na Venice, ba a kuma daɗe ba, a watan Yuni na wannan shekara, ta asalin ta rufta bayan ruwan sama mai ƙarfi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, domin an riga an kwashe yaran saboda ginin ya fara lalacewa. Aikin mai zanen yana da basira, ba a musun wannan. Amma katako a cikin ruwan gishiri yana son gyara kullum, kuma ba a tsayar da wanda nauyin gyaran zai hau kansa ba yadda ya kamata.

Mutanen Makoko ba su rasa ilimin zama a kan ruwa ba. Tun kakanni suke kafa turaku a cikin laka su ɗora ɗaki, kamar 'yan'uwansu na Ganvié a tafkin Nokoué na Jamhuriyar Benin. Yaro ƙarami yana tuƙa kwale-kwale shi kaɗai, mata suna ƙyafe kifi a kan dandamalin katako. Abin da suka rasa a bayyane yake. Makewayi a can rumfa ce mai rami a tsakiya, bahaya yana faɗawa cikin ruwan da ake bi zuwa kasuwa. Ruwan sha sai an saya a jarka. Sama da duka, ba su da tabbacin cewa gobe za su kwana a inda suka kwana yau. A watan Yulin 2012 gwamnatin Legas ta ba su wa'adin sa'o'i 72, sannan aka zo aka sassare turakun gidaje. Tsakanin 2016 da 2017 aka kori dubban mutane daga Otodo Gbame, wata unguwar bakin ruwa. Wanda ke zaune cikin fargabar rusau ba zai zuba jarinsa a gida mai tsada ba, ko da yana da shi. Kawo masa sabon zanen gida a bar shi ba takardar mallaka, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Akwai kuma batun irin ruwan. Gida mai iyo yana son ruwa mai kwanciya, wanda ke tasowa a hankali. Yawancin ambaliyar da ke cin rayuka a biranen Najeriya ba haka take ba. Da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwan ya afka wa Maiduguri cikin dare, ya shiga asibitin koyarwa da gidan namun daji, ya karya katangar gidan yari. A Mokwa, a watan Mayu na 2025, ruwa mai gudu ya share gidaje ya kashe mutum fiye da 150. Irin wannan ruwa yana tafe da itatuwa da kwanon rufi da motoci, babu gangar robar da za ta tsaya masa. Abin da ke kawo irin wannan ɓarna sananne ne: madatsar da ba a kula da ita ba, lambatun da leda ta toshe, filayen hanyar ruwa da aka yanka aka sayar, da gargaɗin da bai isa kunnen mutane a kan lokaci ba.

Dabarar tana da gurbinta, amma ƙarami ne. A Bangaladesh, inda ruwan damina ke kwanciya watanni, makarantun cikin jirgin ruwa sun yi amfani, domin kafintocin ƙauye ne ke ƙera su da kayan da suka saba da su. A Makoko ma ɗakin shan magani ko makewayin jama'a mai tanki a kan ruwa zai taimaka, in akwai hukumar da ta ɗauki nauyinsa. Amma kuɗin da gwamnatocin jihohi da masu ba da agaji ke da shi na yaƙi da ambaliya, hakkin gyaran madatsu ne da yashe magudanai, da ba mazauna bakin ruwa takardar zama da ruwan famfo.