Raddi Ga Masu Cewa JBoss EAP Ba Komai Ba Ce Sai WildFly Mai Farashi

Masu wannan da'awa sun tafi a kan cewa JBoss EAP, sabar manhajoji ta kamfanin Red Hat, wato manhajar da ke ɗaukar shirye-shiryen Java na banki ko asibiti tana haɗa su da rumbun bayanai tana kuma tantance masu shiga, ba ta bambanta da WildFly ta kyauta ba sai a suna da kuɗi.

Hujjarsu ta farko ita ce tushen ɗaya ne, kuma nan sun faɗi gaskiya, domin EAP 7.0 ta 2016 daga WildFly 10 aka ciro ta, 7.4 kuma daga WildFly 23. Sai dai bayan an ciro reshen akan tsayar da shi, a gwada shi da ayyanannun sigogin Java da rumbunan bayanai irin su Oracle da PostgreSQL, a bar fasahohin da ba su nuna ba a waje.

Hujja ta biyu, wai jama'ar WildFly sun fi saurin toshe ɓarakar tsaro, ita ce ta fi rauni duk da ta fi daɗin ji. WildFly tana fitar da sabuwar siga kusan duk wata uku, gyara kuwa yakan bi sabuwar, don haka mai son gyara dole ya ɗauki duk sauye-sauyen da suka zo tare da shi. A 2022 WildFly 27 ta koma ƙa'idar Jakarta EE 10, inda sunayen da shirye-shirye ke kira suka tashi daga javax zuwa jakarta, har layin da ya fara da javax.servlet ya daina aiki sai an sake rubuta shi. Bankin da ke kan EAP 7.4 ya ci gaba da karɓar gyaran tsaro bai taɓa layin ba, saboda injiniyoyin Red Hat suna ɗauko gyaran kaɗai su dasa shi a tsohuwar sigar, aikin da ke cin shekaru da albashi.

Ta ukun, cewa bai dace a biya kuɗin abin da lasisinsa buɗaɗɗe ne ba, ta jahilci abin da ake saye: yarjejeniya ce da ke ɗora wa Red Hat amsa kira cikin ƙayyadadden lokaci idan saba ta tsaya. Ɗalibi da ƙaramin kamfani WildFly ta wadatar da su, amma asibitin da bayanan majinyatansa ke kan sabar yana buƙatar wanda zai kama da alhaki.